Shekarar da Na Toshe Tagogin Ɗakin Falmata

Sanyin bana ya shigo da wuri. Tun sabuwar dawa ba ta cika kasuwa ba na fara jin sa a gwiwoyina. Ranar Laraba sai ga 'yata Amina ta zo da kafinta, riƙe da naɗin baƙar roba, wai zai bi tagogin ɗakina ya liƙe duk inda iska take shigowa. Na bar shi ya yi uku. Da ya jingina tsani zai hau ta huɗu, ƙaramar ta sama, na ce ya sauko.

Amina ta ce, "Baba, ai ita ce ma ta fi shigo da iskar."

Na ce na sani. Ta dube ni, ta dubi kafintan, ta sallame shi. Ban yi mata bayani a ranar ba, domin ba na son fara magana daga tsakiya. Ga bayanin nan, daga farkonsa.

Gidanmu na Zaitawa kakana ne ya gina shi. Mutumin Borno ne, fataucin kanwa ya kawo shi Kano, gyaɗa ta zaunar da shi. Yawancin gidan na ƙasa ne, tubali da azara, kamar na kowa. Amma akwai ɗaki biyu da ya yi da jan bulo ƙonanne, irin wanda ya gani a kantunan Kwarori, 'yan Lebanon. Rufin kwano, silin katako, daɓen siminti, kowane ɗaki da taga biyu masu gilashi. A zamaninsa abin kallo ne. A zamanina kuwa katakon tagogin ya bushe ya janye daga jikin bango, har yatsa yana shiga, gilashi biyu sun fashe. Can sama kusa da silin akwai wasu ramuka huɗu, kowanne kamar tafin hannu. Ba wanda ya san amfaninsu a gidan. Inna, mahaifiyarmu, takan ce bulo ne ya ƙare wa maginin.

Shekarar farko ce ta yaƙin basasa, azumi kuma ya faɗo a tsakiyar sanyi. Babanmu ya rasu da shekara biyu, ni ne babba, ina dukanci a Kasuwar Kurmi, ina ɗinka gafaka da kube. Karatun boko aji huɗu na yi, ya dai ishe ni karanta wasiƙa. Ƙanwata Falmata tana auren Sule, direban babbar mota, wanda ya shiga soja aka tafi da shi kudu tun damina. Wasiƙa ɗaya muka samu daga gare shi, ita ma wani ne ya rubuta masa. Cikin fari ne da Falmata, don haka ta dawo gida goyon ciki. Saura kwana goma a ga watan azumi ta haifi namiji. Aka sa masa sunan babanmu, muke ce masa Abba.

A wurin Inna, mai jego abokin gaba ɗaya gare ta, shi ne sanyi. In ya shige ta cikin kwana arba'in ɗin nan, to ita da lafiya sai dai labari: kumburi, ciwon gaɓoɓi, tari har tsufa. Maganinsa kuma sananne ne. Wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa, nama da yaji, sannan kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Sai dai ɗakin ƙasar da yake da irin wannan gado, damina ta ci bangonsa, ba mu samu gyarawa ba. Dole aka sa Falmata a ɗakin bulo, a kan gadon ƙarfe.

Komai ya yi wuya a shekarar. Manja ya ɓace daga kasuwa. Kananzir sai wanda ya san wani. Naman da ya kamata mai jego ta ci kullum, bayan na suna ya ƙare, sai ranar Juma'a nake iya kawowa, shi ma ɗan tsoka uku. Mu masu azumi mukan sha ruwa da koko marar sukari, mu jira tuwo. Abin da ya fi damunmu shi ne itace. Masu jakunan da suke shigo da shi ta Ƙofar Dawanau sun koma kai wa bariki, inda ake dafa wa sababbin sojoji abinci. Ɗan abin da muke samu, tukunyar wanka take cinyewa. Saboda haka ɗumama ɗaki sai muka koma gawayi. A zuba shi baƙi a kasko, a hura ya kama, a tura ƙarƙashin gado, a ja ƙofa.

Sanyin kuwa ba na wasa ba ne. Ruwan randa yakan kwana ya zama ba ya taɓuwa da hannu. In ka yi alwalar asuba, yatsunka sai sun yi kusan hantsi kafin su iya riƙe basilla. Dugaduganmu suka yi faso, leɓe ya tsage. A ɗakin bulo, iska tana shigowa ta jikin tagogin da wani ɗan fito siriri, labulen yana motsi kamar da mutum a bayansa.

Inna ta kira ni ta ce, "Bukar, ka ji wannan kukan? Ba na son in sake jin sa. Sanyi ya kashe mini 'ya a ɗakin kakanka, me zan gaya wa mijinta?"

A makon kuma mai unguwa ya aiko cewa kowa ya rufe tagarsa kada hasken fitila ya fita, saboda ana maganar jirgin abokan gaba. Ban taɓa ganin jirgin ba. Amma umarni biyu sun haɗu a kan aiki ɗaya, ni kuwa in aka ba ni aiki ba na yi masa rabi.

Na fara da tsagar da ke tsakanin katako da bango. Na cusa auduga da tsumma, ina dannawa da gindin basilla har sai ta ƙi shiga. Washegari na jiƙa ƙaro, na yanka takardar buhun siminti tsayi-tsayi, na liƙe a kai, ninki biyu. Gurbin gilashin da suka fashe, na rufe da fatar akuya wadda ta lalace wajen jima, na buga ƙusa. Rana ta uku na bi ƙofa, na kafa mata fata a ƙasa da gefe, yadda in an ja ta sai ta kama kam. Sannan na ɗauki silin zare na riƙe da yatsa biyu, na bi gefen kowace taga a hankali. Inda zaren ya motsa, in koma. Kafin mako ya cika, fiton nan ya mutu. Ɗaki ya yi ɗumi kamar cikin tanderu. Inna ta sa mini albarka.

Daga nan abubuwa suka fara rikicewa, har yau kuma in na jera su ba sa jeruwa daidai.

Falmata ta fara ciwon kai. Ta ce kamar an ɗaura mata rawani an tamke. Inna ta ce sanyin da ya riga ya shiga ne kafin a toshe, aka ƙara kanwa a kunu, aka ƙara gawayi a kasko. Inna kanta, in ta zauna a ɗakin da rana tana gasa wa jariri cibiya, sai ta tashi da jiri, tana dafa bango. Ta ce azumi ne da tsufa. Ni ma in na dawo kasuwa na shiga gaishe su, na ɗan jima, sai in ji jijiyar goshina tana bugawa. Na ce azumi ne. Wata maƙwabciya ta ce ɗakin ya daɗe ba kowa, kuma an san masu son irin wannan ɗaki. Aka karɓo rubutu, aka ƙara turare a kan garwashin. Wata kuma ta ce tunanin miji ne, wace ce za ta haihu mijinta yana bakin daga ta kwana lafiya? Kowace magana in ka ji ta sai ka ga ta yi daidai.

Jaririn kuwa sai barci. Mata masu zuwa dubiya suna yaba shi, wai ba su taɓa ganin yaro mai haƙuri irinsa ba, ya gaji mai sunansa. Falmata ba ta da bakin magana, ɗan fari ne, ba ta ko kallonsa in da mutane. Sau ɗaya dai, ina duba liƙin taga, ba kowa sai ni da ita, ta juya fuska ga bango ta ce, "Yaya, wancan ɗin fa ba ya neman nono. Sai na tashe shi."

Na ce, "Ki gaya wa Inna mana."

Ta ce, "Da wane bakin?"

Na gaya wa Inna da kaina. Ta ce yaron da ya ji ɗumi ai barci zai yi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wanka. Duk lokacin da aka fito da Falmata bayan ɗaki, aka yi mata wanka da ganyen darbejiya, ta ɗan zauna a tsakar gida tana shan kunu, sai ta warware. Ta ci abinci, har ta tsokane ni wai na mai da kaina magini. Da ta koma ɗaki aka ja ƙofa, kafin a jima ciwon ya dawo. Na ga wannan da idona, ba sau ɗaya ba. Na kai wa Inna. Ita ma ta gani, amma ga yadda ta fassara shi: ruwan zafi yana korar sanyi, ɗaki yana mayar da shi. Ke nan akwai inda iska take shiga har yanzu.

"Ka sake dubawa," in ji ta. "Aikinka bai cika ba."

Maganar ta yi mini zafi. Na ɗauki zarena na sake bin tagogi, bai motsa ba. Na bi ƙofa, bai motsa ba. Sai na hau kan turmi na ɗaga hannu sama, kusa da silin. Zaren ya kaɗa. Ramukan nan huɗu ne.

Ranar Juma'a ce, azumi yana sha tara. Da hantsi na kwaɓa jar ƙasa da ɗan ciyawa, na hau tsani ta waje, na cike su ɗaya bayan ɗaya, na shafe da bayan cokali. Na wanke hannu na tafi masallaci da farin ciki. Ina tuna wannan farin cikin sarai.

Bayan la'asar ina zaure sai ga Gwaggo Dije. Matar wani maƙeri ce a bayan layinmu, ƙawar Inna tun suna amare. Ta tafi ƙauyensu tun kaka, ba ta samu suna ba, ranar ta dawo. Bafulatana ce, don haka tsakaninta da gidanmu na Barebari ba a gaisuwa sai da tsokana.

"Ina bayin nawa?" in ji ta tun daga ƙofa. "An ce an haifa mini sabon bawa ba a aiko an gaya mini ba."

Inna ta amsa daga madafi, "Wa zai bi ki daji? Shigo ki ga maigidanki, in kin zo da nono ki ajiye."

Ta shiga ɗakin bulo tana dariya, ta ja ƙofa kamar yadda Inna ta ce. Ban ƙirga lokacin ba, amma bai kai a karanta izu ɗaya ba na ji ƙofar ta bugu da bango. Muryarta ta canza.

"Bukar! Zo nan! Wa ya yi wa ɗakin nan haka?"

Na taho da sauri na ce ni ne. Ina tsammanin yabo.

"Kai ne? Da gawayi a ciki? Baƙin gawayi?"

Na leƙa. Falmata tana kwance, kanta ya zame daga matashi, ta yi amai a gefen gado. Na kira sunanta sau uku, ba ta amsa ba. Abin mamaki, fuskarta ba ta yi kama da ta marar lafiya ba, leɓenta ja kamar ta ci goro. Gwaggo Dije ta riga ta ɗauki jaririn, hannunsa yana reto.

Inna ta iso da muciya a hannu. "Ja ƙofar, Dije, iska tana shiga!"

"Iskar nake nema! Shekara talatin ina gidan maƙera, kin taɓa ganin maƙera da ƙofa? Gawayi in bai samu hanyar fita ba, mutum yake shiga."

"Ba hayaƙi a ɗakin nan. Dubi, ina hayaƙin?"

"Ba ya hayaƙi. Shi ya sa yake kisa."

"Ni na haifi bakwai a kan wuta, ba abin da ya same ni."

"A ɗakin ƙasa, da asabari a ƙofa, da garwashin itacen da ya gama ci a waje! Wannan kuwa tulu ne kuka sa yarinya kuka toshe bakinsa. Bukar, buɗe tagar nan!"

Inna ta ce, "Kada ka taɓa. Ko arba'in ba ta yi ba."

Na tsaya a tsakaninsu. Ban taɓa saɓa wa Inna ba, ko a kan abin da bai kai wannan ba. Kuma ban fahimci maganar Gwaggo Dije ba. Yaya abin da ba a gani, ba a jin warinsa, zai kayar da mutum? Sanyi kuwa na san shi, ina jin sa a jikina a lokacin. Abin da ya motsa ni ba fahimta ba ce. Tunowa na yi da Falmata a tsakar gida, da kwanon kunu, tana dariya.

Na kama tagar na ja. Ta ƙi. Ni na liƙe ta, kuma na liƙe ta da kyau. Na ja ta biyu, ita ma ta ƙi. Sai na fita na ɗauko taɓarya, na doki ta farko har katakon ya balle da gilashinsa, na doki ta biyu. Iska ta shigo ta ɗaga labule har silin. Gwaggo Dije ta fita da jaririn ta kwantar, ta dawo muka ɗauko Falmata muka shimfiɗe ta a tabarma a tsakar gida. Inna tana kuka tana salati, ta cire mayafinta ta lulluɓe ta, ta tsaya ta inda iska take busowa ta tare da jikinta. Gwaggo Dije tana ta hura wa jariri fuska tana murza tafin ƙafarsa.

Shi ya fara farfaɗowa. Wani ɗan kuka kamar na mage. Falmata kuwa sai gab da magariba ta buɗe ido, ta ce kanta zai fashe, ta tambaya me ya sa aka fito da ita. Ranar ba wanda ya tuna da shan ruwa sai da aka idar da salla a masallacin unguwa.

Washegari na hau tsani na fasa ƙasar da na cike ramukan da ita, tun ba ta gama bushewa ba. Aka yi sulhu tsakanin tsofaffin biyu: garwashi sai ya yi ja a waje kafin a shigar, ramuka a bar su, taga kuwa a rufe. Amma tagogin na riga na lalata su. Na kafa buhun gyaɗa da tabarma a gurbinsu, iska tana ratsawa yadda ta ga dama. Goman ƙarshe ta azumin nan kuwa ita ce mafi sanyi da na sani a rayuwata.

Falmata ta warke sarai. Abba ya farka, ya zama mai kuka, yana kama nono kamar zai cinye uwar. Muka yi murna kwana huɗu. A na biyar ya fara tari. Ƙirjinsa yana shiga yana fita, yana wani ƙara kamar ana yaga takarda. Na ɗauke shi da Inna muka kai shi ɗakin shan magani, aka ba mu wani ruwa a kwalba. Saura kwana biyu salla, da hantsi, ya cika a hannun Inna. Kwanansa talatin da takwas.

Masu zuwa gaisuwa, in sun tambaya, Inna takan ce, "Sanyi ne." Ba ta taɓa duban inda nake ba in tana faɗa, ba ta kuma taɓa ce mini kai ne ba, har ta bar duniya. Gwaggo Dije a gidanta takan ce gawayin ne ya riga ya cinye masa ƙirji. Suka ci gaba da ƙawancensu, suna tsokanar juna, wannan maganar ce kawai ba sa yi. Daga baya na koma wurin malamin asibitin da ya ba mu magani, na jera masa komai. Ya ce zai iya zama wannan, zai iya zama wancan, zai iya zama duka biyun. Yanzu duk shekara in sanyi ya shigo sai ka ji ana gargaɗi a rediyo kada a rufe ɗaki da gawayi. Jikokina ma sun sani. A lokacin, a unguwarmu kaf, matar maƙeri ce kaɗai ta sani, ita ma tana ƙauye.

Sule ya dawo bayan an gama yaƙi, ya rame, ba ya ji sosai da kunne ɗaya. An riga an rubuta masa rasuwar, amma ba a gaya masa yadda aka yi ba. Ya zo gidanmu da safe, muka zauna a zaure. Shekara biyu ina shirya abin da zan faɗa masa. Na faɗa masa duka, a jere, da ɗaga murya saboda kunnensa: auduga, ƙaro, fata, zare, ramuka huɗu, taɓarya, buhun gyaɗa. Bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "To, wanne ne a ciki?"

Na ce, "Ban sani ba. Ni na toshe, ni na buɗe. Ko wanne ne, hannuna ne."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce a inda ya fito ya ga waɗanda aka harba suka tashi, ya ga wanda ya kwanta lafiya bai tashi ba, shi ya daina tambayar dalili. Sannan ya ɗago kai.

"Yaya Bukar, da wa ya yi kama?"

Na san tsaga nawa ce a kowace taga. Na san ƙusa nawa na buga a ƙofar. Kwana talatin da takwas ina shiga ɗakin nan, idona yana kan bango. Na nemi fuskar yaron a kaina, na rasa.

Ashe Falmata tana tsaye a bayan ƙofar da ta shiga cikin gida, ta kawo ruwa ta kasa shigowa. Daga can ta yi magana, a hankali. Sule bai ji ba, ya juyo da lafiyayyen kunnensa ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce da kai."